Daga Gamba Zuwa Turken Siminti: Tarihin Iyakar Gona a Ƙasar Malam Madori

Idan kaka ta wuce aka kwashe amfanin gona, filin da ke tsakanin Malam Madori da Haɗeja yakan koma shimfiɗa guda ta yashi da kututturen kara. Baƙon da ya bi hanyar a wannan lokaci ba zai iya nuna inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara ba. Ɗan gari kuwa karanta filin yake yi kamar rubutu. Ga layin gamba da ya miƙe daga gindin aduwa zuwa tsohuwar goruba, ga ƴar kunyar da aka bari ba a taɓa nomewa ba, ga jerin aguwa da ya raka burtali har bakin ruwa. Kowanne daga cikinsu shaida ne, kuma akwai wanda aka kafa tun zamanin kakan mai gonar.

A sababbin gidajen Dutse da Kano da Abuja ma ana yi wa shuka iyaka. Ana jera bulo ko dutse a gefen ciyawa da furanni, a shafa fenti, domin wurin ya fito tsaf. Wannan ado ne, kuma shi ne ƙarshen wani dogon labari. A ƙasar Haɗeja gefen shuka ya daɗe yana ɗauke da nauyin da ya fi na ado: shi ke raba gado, shi ke tsare ruwa a lambu, shi ke gaya wa makiyayi inda zai bi da shanunsa. Yadda wannan siririn layi ya sauya a cikin shekaru 200 da suka shige yana bayyana abubuwa da yawa game da rigingimun gona na yau.

Iyaka mai rai

Ƙasar Malam Madori tsohuwar ƙasa ce. A cikinta Garun Gabas take, wadda masu tarihi ke dangantawa da Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Kafin jihadi, ita da Auyo da Haɗeja da wasu ƙananan sarautu suna ƙarƙashin inuwar Barno ne, ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru. Shi ya sa har yanzu ake jin sarautar bulama a ƙauyukan yankin. Ƙasar kuma iri biyu ce: jigawa, wato tudun yashi da ake noman gero da wake da damina, da fadama, wadda kogi ke malalewa a kanta kowace shekara.

A kan tudu, manomi ba shi da dutsen da zai jera, domin ƙasar yashi ce. Sai ya koma ga tsiro. Gamba ita ce kan gaba. Ciyawa ce mai yin gindi, ba ta mutuwa da rani, kuma ko an yanke ta ko wuta ta ci ta, saiwarta na nan inda aka dasa. Ga amfani kuma: da ita ake saƙa zana, ana jinka da ita, dabba na cin ɗanyenta. Tana kuma tare yashin da iska ke kwasa, har a hankali gefen gonar ya ɗan tasa ya zama alama ta biyu. Inda ake tsoron dabba, kamar gefen burtali ko garkar rogo, sai a dasa aguwa ko bini-da-zugu ko dashi. Dukkansu reshe ake sara a kafa ya kama, kuma aguwa da bini-da-zugu dabbobi ba sa son cin su. Kusa da gari akan yi layin lalle, wanda mata ke tsinka su sayar. Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan yakan zagaye gonarsa da yakuwa ko rama, iyakar shekara guda wadda ake ci a miya.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, iyakar tana ba da amfani, saboda haka mai gona yana da dalilin kula da ita ko da babu rigima. Na biyu, yawancinta alama ce kawai, ba ta hana wucewa. Shingen ƙaya da dannin kara, waɗanda ke hanawa, na ɗan lokaci ne. Da an gama girbi sai a sake gona, shanun Fulani su shiga su ci kara da harawa, su bar taki. Gonar ta mai ita ce da damina, da rani kuwa kusan ta kowa ce. Iyakar na rufewa tana buɗewa tare da shekara.

Abin da shari'a ta ƙara

Bayan jihadi, lokacin da gidan Sambo ya kafu a Haɗeja a farkon ƙarni na 19, hukuncin ƙasa ya ƙara jingina da fiƙihun Malikiyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi na musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Ƙa'idar mazhabar a nan tana da ban sha'awa: kewaye fili da shinge kawai ba ya sa ya zama na mutum. Sai ya raya shi, ta hanyar sassabe da noma, ko dasa itace, ko fito da ruwa, ko gini. Wato aiki ke haifar da iyaka, iyaka ba ta haifar da mallaka. Fiƙihun ya kuma tanadi hurumi, filin da ba a yarda kowa ya mallake ba, kamar kewayen rijiya da bakin kogi da makiyayar gari. Hadisi ya zo da tsinuwa a kan wanda ya gusar da alamar iyakar ƙasa, kuma wannan tsoro ya tsare gonaki da yawa waɗanda ba su da takarda ko ɗaya.

Idan gardama ta tashi, hanyar warware ta sananniya ce. Mai unguwa ko bulama zai tara dattawan da suka yi noma a wurin da maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa, a taka a ƙafa, a nemi gindin gamba ko kututturen itacen da kowa ya sani. In abin ya gagara sai a kai gaban hakimi ko alƙali, a nemi shaidu, a kai ga rantsuwa. Taswirar ƙasar tana cikin kawunan mutane ne.

Rabon gado kuma yana ta haifar da sababbin iyakoki. Gonar gandu guda, in maigida ya rasu aka raba wa magada, sai ta koma huɗu ko shida, kowacce da gefenta. Muddin akwai daji da saura, wanda rabonsa ya yi kaɗan yana iya zuwa wurin bulama ya nemi sabon wuri ya sassabe. Matsalar tana jiran ranar da dajin zai ƙare.

Fadama: inda ruwa ke shafe layi

A fadama lissafin dabam ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke ratsa Wudil da Ringim, ya iso ƙasar Haɗeja inda ƙasa ta kwanta, sai ya rarrabu ya bazu. Daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ruwa yakan rufe gonaki, iyakokinsu su nutse. Fili guda yana da masu haƙƙi uku bi da bi: mai shinkafar da ya shuka kafin ruwa ya iso, masuncin da ke kafa komarsa da gurarsa lokacin da ruwa ya cika, da makiyayin da ke sauko da shanu idan ruwa ya janye ɗanyar ciyawa ta fito.

Alamar da za ta rayu a irin wannan wuri dole ta jure nutsewa. Jema ta dace da haka: saiwarta na nitsawa ƙasa sosai, tana iya yin makonni a cikin ruwa ta sake tohowa, kuma ita ma ana saƙa da ita. Manyan itatuwa irin su giyayya da kanya da ke gefen ƙorama su ma sukan zama madogara.

Da rani, a bakin kogi, akwai lambu. A nan ne aka fi ganin gefe mai tsabta, wanda ko mai lambun ƙawa na Turai zai yaba. Mai lambu yakan yanka filinsa fangali-fangali, wasu kan ce komaye, kowanne ɗan murabba'i da kunya ta kewaye shi, da ƴar magudana tana bi ta tsakani. Dalilin ƙanƙantarsu shi ne jigo. Mai ban ruwa da jigo guga ɗaya yake ɗagowa a kowane ja, don haka ba shi da ruwan zubarwa. Yakan buɗe bakin fangali da fartanya, ruwa ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba. In kunyar ta karkace ko ta yi rauni, wahalar safiya guda ta tsiyaye a banza. Ƙarfin hannun mutum shi ya ƙayyade girman lambu, shi ya sa bakin kogi mai yawa ya zauna a buɗe, shanu na samun mashaya.

Taki, jirgi da gyaɗa

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Bayan shekara huɗu, dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a matsayin amana ga ƴan ƙasa. A aikace bulama da dagaci da hakimi sun ci gaba da rabon gona yadda suka saba. Amma wani sabon tunani ya shigo, cewa gona abu ce mai awo. A masarautar Kano aka fito da tsarin taki, inda malaman taki ke auna tsawo da faɗin gona da ƙafa, a yanka haraji gwargwadon girmanta. Iyaka ta fara shiga littafi.

Abin da ya fi sauya Malam Madori shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, bai bi ta cikin birnin Haɗeja ba, ya bi ta Malam Madori. Tashar ta zama ƙofar da amfanin gonar masarautar ke fita, kamfanoni da dillalansu suka kafa ma'auni, har garin ya shiga jerin wuraren da aka yi dalar gyaɗa. Yashin jigawa ya dace da gyaɗa. Ƙasar da a da ake bari ta huta sai ta zama kuɗi, saura ta fara raguwa, aro da jingina da sayarwa suka ƙaru. Duk sa'ad da ƙasa ta yi daraja, gefenta yakan sirance, domin kowane maƙwabci yana ganin kunya guda da zai iya ƙarawa. Daga nan garmar shanu ta yaɗu, wadda ba ta da tausayin fartanya: juyi ɗaya a bakin gona yana iya tumɓuke gindin gamba.

Da Turawa ne kuma iyakar ado ta iso. A Ingila, shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ake askewa alamar wadata ce, ƙasar da ba a noma ba a kiwo. Injin aske ciyawa da Edwin Budding ya ƙirƙira a 1830 ya sauko da ita daga gidajen masu sarauta zuwa na masu matsakaicin hali, tare da al'adar yanke gefenta cif. Jami'an mulkin mallaka suka kawo wannan ɗabi'a unguwanninsu irin Nasarawa ta Kano. A ƙasar da ruwan sama bai fi na wata huɗu ba ciyawar ba ta cika zama ba, sai gefen ya zauna: jerin duwatsu ko bulo da aka shafa wa farar ƙasa a bakin hanyar bariki da makaranta da tashar jirgi. Bahaushe shi tsakar gidansa sharewa yake yi ƙal ko ya yi daɓe, domin ciyawa kusa da ɗaki gidan maciji da sauro ce. Bulon da ake jerawa yau a gefen furanni jikan waɗancan fararen duwatsu ne.

Madatsun ruwa da injin ban ruwa

Shekarun 1970 sun zo da sauyi uku a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, ya tura jama'a zuwa fadama. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya kasuwar da ta gina Malam Madori. Sai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta fara riƙe ruwan Kogin Kano; ta Challawa ta biyo baya a 1992. Masu binciken dausayin Haɗeja da Nguru sun ƙiyasta cewa filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya sauko zuwa 100,000 ko ƙasa da haka a shekarun da suka biyo baya.

Fadamar ta ragu a daidai lokacin da masu nemanta suka ƙaru. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Hana shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987 ya sa noman rani ya zama harkar riba, har manyan gari da ma'aikata suka shiga neman fili. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai a shekarun 1990. Inji ya cire iyakar da jigo ya sanya. Mutum guda yana iya shayar da abin da a da sai mutum goma, lambu ya miƙe har bakin ruwa, mashaya ta toshe. Makiyayin da ya sauko da rani kamar yadda ubansa ya saba sai ya tarar da tumatir da albasa da alkama a inda ya san ciyawa. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe wuraren kiwo, amma kaɗan ne aka tabbatar a hukumance, kuma burtali, wanda aguwa kawai ke tsaronsa, manoma na gefe biyu suka yi ta ci kaɗan-kaɗan.

Madatsun sun haifar da wata matsalar ta daban. Sakin ruwa da rani ya sa hanyoyin da a da ke bushewa suka zauna da ruwa duk shekara, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya karkata ya kwanta a kan gonakin Guri da Kiri Kasamma da Nguru. Akwai gonakin da iyakarsu ta shekara da shekaru a ƙarƙashin kachalla, masu su na riƙe da ita a ka kawai.

A ɓangaren Auyo kuwa injiniya ne ya ja layi. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, ya baje ƙasa ya yanka ta bisa hanyoyin ruwa. Bayan gyaran da aka yi da tallafin Bankin Duniya, an ƙaddamar da kimanin hekta 5,700 a watan Janairun 2023. A can iyakar gona magudana ce da lamba a rajista.

Takarda, waya da turke

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasar kowace jiha hannun gwamnanta, ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Sarakuna suka rasa ikonsu a rubuce, ko da yake har gobe wurinsu ake fara zuwa. Aka sami hukuma biyu a kan gona guda: dattijon da ya san gindin gamba, da ofishin da ke da hatimi. Ƙaramin manomi yawanci na farkon kawai yake da shi. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, buƙatar filayen gini da na hukuma ta ƙara matsa wa gonakin bakin gari. A zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, gwamnatin jihar ta ba da ƙarfi wajen shata burtali da makiyayu da samar musu da ruwa, abin da ya nuna cewa hukuma ta gane tsohuwar alama ba ta isa ita kaɗai.

Sabuwar iyakar da ke yaɗuwa yanzu ita ce turken siminti, da wayar ƙaya, da katangar bulo da mai kuɗi ke zagaye gonar mangwaro da ita. Tana da fa'ida a fili: ba ta gusawa da juyin garma, kuma kotu na gane ta. Amma ba ta san rani da damina ba. Wayar ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a Amurka a 1874 ta kawo ƙarshen kiwon sake a yammacin ƙasar cikin ƴan shekaru, bayan rigingimu masu zafi tsakanin masu shinge da masu garke. Duk gonar da aka rufe har abada a ƙasar Haɗeja ta fita daga tsohuwar yarjejeniyar kara da taki, kuma garken da ya rasa ta dole ya matsa wa wadda ke kusa.

Wani abin lura shi ne yadda tsiron gefe ya koma tsakiya. Yakuwar da a da ake zagaye gonar gero da ita, yau ita ce zoɓorodon da Jigawa ke fitarwa har ƙasar Meziko, ana cika gona da ita sukutum. Gamba kuwa tana ƙaranci a wurare da yawa, domin kwanon rufi ya rage buƙatar jinka, kuma maganin feshi ba ya bambanta ciyawar iyaka da ta banza.

Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun tuna wa ƙasar Haɗeja cewa kogin bai manta hanyarsa ba. Jama'a sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Da ruwa ya janye, ya bar laka da yashi a kan gonaki, kunyoyi sun baje, alamomi da dama sun gushe. Manoma suka koma ga abin da kakanninsu suka yi: aka kira maƙwabta da dattawa, aka taka filin, aka nemi itacen da kowa ya yarda da shi da gindin jemar da ya sake tohowa. Hanyar tana aiki muddin masu shaidar suna raye kuma ana jin maganarsu. Yawancin gonakin yankin ba su da wata rajista bayan wannan, kuma dattawan da suka ga fadamar kafin a gina Tiga, waɗanda suka san inda kowane burtali ya bi ya sauka ruwa, duk sun haura shekara sittin.